Labulen Ɗakin Jego

Litinin, 5 ga Agusta, bayan Azahar

Yau kwana tara da 'yata Khairat ta haihu. Shekara talatin da biyar ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu a firamare, ban taɓa rubuta abin da ke raina ba sai yanzu da na rasa wanda zan gaya wa. Malam, maigidana, ya rasu, 'yata kuma jego take yi a gabana, ba a ɗora wa mai jego damuwa. Ragowar littafin kiran suna ne wannan, shi zai sha surutuna.

Jaririyar sunana aka sa mata, Salihatu. Uwarta ba ta iya faɗin sunan, sai ta ce Ummi. Ni ƙawata nake ce mata. Tun jiya take wani ɗan tari ƙasa-ƙasa, kamar na 'yar kyanwa.

Na san inda ya fito. A bayan katangarmu Jumare yake babbakar kawuna da ƙafafun shanu. Shekara uku ke nan da ya gudo daga Kasuwan Garba da iyalinsa, Malam ya ji tausayi ya ba shi aron filin. Da farko da kara da itace yake aikinsa, ƙauri kaɗai muke ji. Yanzu taya yake ƙonawa. Da hantsi ya yi hayaƙi zai miƙe baƙi ƙirin, ka shanya fari ka kwashe toka-toka. Tagar ɗakin jego kuwa filin take kallo, gilashinta biyu sun fashe tun bara.

Na ɗauko farin labulen nan mai kauri da na yi wa ɗinkin furanni da hannuna, na ninka shi biyu, na kafe shi da ƙusa a tagar ta kowane gefe. Furannin na juyo su ciki don Khairat ta samu abin kallo. Hujin iska biyu da ke saman bango na cusa musu tsumma. Yanzu ba sanyi, ba hayaƙin Jumare.

Laraba, 7 ga Agusta, da yamma

Sista Ruth ta shigo barka karo na biyu. Maƙwabciyata ce, tsohuwar nas, shekara ashirin muna miƙa wa juna tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti ta kan katanga. Tana ɗaga labulen ƙofa ta ja da baya tana fifita fuska da hannu.

"Maman Khairat, gasa su kike yi ko jego? Fitar da kaskon nan waje, ki buɗe taga."

Na ce da ita, "In buɗe taga a cikin markar nan? Ga sanyi, ga Jumare?"

"Ki hura a tsakar gida, sai ya ruru ki shigo da shi na ɗan lokaci, ƙofa a buɗe. Ba hayaƙin da ido ke gani ne kaɗai mugu ba. Akwai wanda ya fi garin tuwo laushi nesa ba kusa ba, ba ya tsayawa a hanci, can cikin huhu yake zama. Jariri kuma numfashinsa ya ninka namu sauri."

Na tuna mata cewa haihuwa shida na yi, kowanne da wuta a ƙarƙashin gadona, ga su nan suna taka ƙasa. Ta ce, "A wane ɗaki? Da wace wuta?" Ruth mutuniyar kirki ce, amma tun da ta sa farar riga take ganin duk abin da iyayenmu suka yi jahilci ne. Ta sha kunun kanwarta ta tafi.

Alhamis, 8 ga Agusta, da safe

Ruwa tun Asuba. Ya kashe wa Jumare wuta, Allah ya ƙara.

Asabar, 10 ga Agusta, bayan La'asar

Gawayin da aka kawo jiƙaƙƙe ne, buhu biyu duk haka. Sai na sa leda uku ko huɗu da ɗan yankin tsohon silifa kafin ya kama. Kowa haka yake yi yanzu. Idan na hura a waje ruwa ya kashe, don haka a ɗakin nake hurawa, in tura ƙofa, in yi ta fifita har ya yi ja. Daga nan in zuba turaren wuta ya kashe warin.

Ina fifita ina tuna jegon farina a Dukku. Inna ta sa aka tara mata itacen marke da ƙirya tun ina wata bakwai, busasshe ƙayau, ka buga shi ya yi ƙara. Ɗakin ciyawa ne, gadon ƙasa, wuta a ƙarƙashi. Hayaƙin ya bi ta jinka ya yi tafiyarsa. Kwana arba'in ko atishawa ɗana bai yi ba.

Yau ina itacen? Matan da ke kawo mana daga hanyar Mashegu sun daina shiga daji, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Tukunyar gas ɗina tana ƙarƙashin gado ta zama wurin ajiye takalma. Ga janareton mai cajin waya a bakin layi yana tusa mana hayaƙi yini guda. Ga masu injin shinkafa sun tara buntu kamar tsauni sun cinna masa wuta, sati biyu yana ci a hankali. Garin Kontagora duk ya zama murhu ɗaya, mu ne a cikin tukunya. Amma a ce kaskona, wanda bai fi faranti ba, shi ne abin magana.

Ƙawata ta yi tari sau da yawa yau. Na ƙara mata hula da safa.

Talata, 13 ga Agusta, da hantsi

Na zagaya wurin Jumare. Yana tsaye da dogon ƙarfe yana juya kan sa a kan taya, idanunsa jawur, hannuwansa kamar gindin tukunya. Ya rusuna ya gaishe ni, ni kuwa ban zo gaisuwa ba.

"Jumare, jikata ba ta numfashi saboda kai. Wannan ne sakayyar aron fili?"

"Subhanallahi. Malama, wallahi ban sani ba. Ni ma ba son tayar nake ba, ki ji ƙirjina in na kwanta. To ina zan samu itace? Dajin da na sani shi ya koro ni."

"Wannan matsalarka ce."

"Ki ba ni zuwa bayan damina, Malama. In kara ya bushe zan koma kara."

Bayan damina! Wato yarinya ta dakata da numfashi sai an girbe dawa. Na juyo na bar shi yana ta ba ni haƙuri. Haƙurin talaka ba ya ƙarewa, shi ya sa ba ya maganin komai.

Alhamis, 15 ga Agusta, bayan Azahar

Salahuddeen, mijin Khairat, ya zo duba su. Bai yi minti biyar a ɗakin ba ya fito yana share ido. Ya durƙusa yana sosa ƙeya.

"Mama, da ko za a rage wutar nan kaɗan? Na ga kamar ɗakin ya yi nauyi."

Na ce masa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. In sanyi ya shiga jikin mai jego, ba shi zai yi jinyar kumburi ba, ni ce. Ya ce, "Haka ne, Mama, Allah ya huci zuciyarki." Ya tafi.

Khairat ta ce kanta na ciwo kullum da safe. Na ce jini ne bai gama komawa ba, ta ƙara shan kunu.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan Magariba

Tari. Ta kama nono ta saki, ta kama ta saki. Tari.

Asabar, 17 ga Agusta, da hantsi

Na kai ƙarar Jumare wurin Mai Unguwa, ya ce gobe bayan La'asar, in zo da shaida in ina da ita. Na ce ina da ita. Labulen nan kwana goma sha biyu yana tare mana hayaƙin taya, gani ya kori ji.

Na sa Khairat ta koma ɗakina da yarinyar, na zare ƙusoshin, na fito da shi tsakar gida inda haske yake. Na shimfiɗa a kan igiya. Na duba gefe ɗaya, na juya na duba ɗayan.

Na daɗe a tsaye.

Na naɗe shi na sa a leda. Na kafe tsohon bargo a tagar, na hura musu wuta, suka koma.

Lahadi, 18 ga Agusta, bayan Magariba

An yi zaman. Mai Unguwa, liman, dattawa uku, da Jumare a gefe ya haɗa hannuwa. Na warware labulen na nuna musu inda ya yi baƙi. Liman ya shafa da yatsa, yatsan ya fito kamar ya taɓa bayan tukunya, har da maiƙo. Ya ce, "La'ilaha illallahu, wannan jaririya take shaƙa?" Mai Unguwa ya tambaye ni, nan ne gefen da ke kallon filin? Na amsa masa.

An ba Jumare kwana biyu ya kwashe kayansa. Bai yi musu ba. Ya ce, "In dai ni ne sanadi, Allah ya yafe mini, ya ba yarinya lafiya." Da ma ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Ruth tana bakin ƙofarta da na dawo. Ta kalli ledar da ke hannuna, ta kalle ni. Na ce mata an gama, an kore shi. Ta ce, "To, Allah ya sa shi ke nan." Ban son yadda ta faɗe shi ba.

Laraba, 21 ga Agusta, da safe

Kwana biyu ba hayaƙi a bayan gida. Sama fes. Na shanya fari na kwashe fari.

Tarin yana nan.

Laraba, bayan La'asar

Ai ciwo ba ya fita ranar da aka kashe wuta. Abin da ya shiga sai a hankali. Na ƙara gawayi, don jikin ƙawata ya yi zafi amma tafin ƙafarta sanyi ƙalau.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan Isha'i

Asibiti.

Da hantsi Khairat ta ƙwala mini kira. Ƙirjin yarinyar yana lotsawa ciki duk numfashi, hancinta na buɗewa yana rufewa, leɓenta ya canza. Ban san lokacin da na buga ƙofar Ruth ba ko mayafi babu. Ta karɓe ta ta fito da ita tsakar gida, ta tsayar da mai Keke.

An sa mata robar iska a hanci. Hannun da bai kai babban yatsana ba an huda shi an ɗaura allura. Ban iya rubutu yau.

Juma'a, 23 ga Agusta, da yamma

Likitan yaro ne, bai fi sa'an ɗana na uku ba. Ya ce nimoniya ce. Na ce ai na faɗa, sanyi ne ya shige ta. Ya ce a'a Mama, ƙwayar cuta ce, amma huhun da hayaƙi ya riga ya gajiyar shi ya fi saurin kamuwa. Na ce to ga shi, akwai mai ƙona taya a bayan gidanmu, har an kore shi. Ya ce wannan ma yana da nasa, duk taruwa suke. Sai ya ɗaga kai daga takardarsa.

"A ɗakin da take kwana fa, ana hura wuta?"

Na buɗe baki, Khairat ta riga ni.

"Ana hurawa, likita. Safe da yamma, da leda. Taga a rufe."

Ba ta kalle ni ba. Ya rubuta, ya wuce gado na gaba. A ɗakin nan yara tara ne, shida tari ya kawo su. Na ƙirga. Duk kakanninsu ne suka hura musu kasko? Ya ce duk taruwa suke, da kunnena na ji.

Lahadi, 25 ga Agusta, da safe

Sun ƙara mata iskar. Ruth daga coci nan ta wuto da abinci. Ban ci ba.

Litinin, 26 ga Agusta, bayan La'asar

Zazzaɓin ya sauka. Ta kama nono ta riƙe. Alhamdulillahi.

Muna zaune a barandar asibiti ni da Khairat, na ce mata in an sallame mu zan sa a gyara gilashin tagar, ta ƙarasa kwana goman da suka rage. Sai ta ce:

"Inna, Salahuddeen ya ce liman ya ba shi labarin labulen. Ya ce har furannin ba a gani don baƙi."

Na ce haka ne.

"Inna, kwana goma sha biyu ina kwance ina kallon furannin nan. Ni suke kallo, ba filin Jumare ba. Ina gani suna dushewa, na zaci idona ne."

Wata mata ta zo wucewa da fulas, na bi ta da kallo har ta sha kwana. Khairat ba ta ƙara ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ni na koya mata kada ta ɗaga wa babba murya, yau ga shi ta yanka ni da ladabi.

Talata, 27 ga Agusta

Ba abin rubutawa.

Alhamis, 29 ga Agusta, da Azahar

An sallame su. Likita ya ce ƙirjinta zai daɗe yana da rauni, a kiyaye ta da hayaƙi kowane iri, har turare. Salahuddeen ya zo da mota. Na ɗauki jakar kayan na nufi gaba, sai ya durƙusa a gabana a bainar jama'a.

"Mama, ki yi haƙuri. Gida za mu wuce. Yayata za ta zo ta ƙarasa mata wankan."

Kwana talatin da uku. A danginmu kaf ba a taɓa ɗauke mai jego daga gaban uwarta ba ta yi arba'in ba. Gobe duk unguwa za a ji, masu zuwa barka su koma masu zuwa jin ƙwaƙwaf. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Suka sauke ni a bakin layi, ni da buta da tabarma.

Asabar, 31 ga Agusta, da hantsi

Na shiga ɗakin jego na cire bargon, na zare tsumman hujin iska. Haske ya shigo, na ga silin. Farin fenti ne Malam ya sa aka yi masa. Daidai saman inda kasko yake zama ya yi wani baƙin da'ira kamar faifai. Gidan sauron ma na taɓa shi, hannuna ya ɗauko.

Irin wutar da Inna ta hura mini ita na hura wa 'yata, haka nake ta gaya wa kaina. Amma Inna ba ta taɓa ƙona leda ba, ɗakinta kuma ba siminti da kwano da silin ba ne. Ruth ta tambaye ni, a wane ɗaki, da wace wuta. Na ji tambayar sarai tun ranar.

Bari in rubuta, tunda littafin nan ba ya kallon mutum. Gefen da ke kallon filin Jumare toka-toka ne, dauɗa ce ta gaske, ba na wanke Jumare daga laifi. Gefen furanni shi ne baƙi mai maiƙo. Na gani da idona ranar Asabar a kan igiya. Na naɗe, na koma na hura musu wuta. Kwana biyar na ƙara ina hurawa bayan na gani.

Litinin, 2 ga Satumba, bayan La'asar

Na je wurin Mai Unguwa na faɗa masa. Ya yi ta jan carbi, sannan ya ce, "Malama, abin da ya wuce ya wuce, ai tayar ma ba alheri ba ce." Ya fi son a bar maganar, don shi ma da bakinsa ya yanke.

Na nemi Jumare har bayan mahauta, inda ya raɓa a gefen wani. Masu kawo masa aiki rabi sun watse. Na faɗa masa abin da na faɗa wa Mai Unguwa, na ce filin yana nan. Ya goge fuska da gefen riga.

"Malama, na yafe. Amma ba zan dawo ba. Ranar nan da aka ce ni ne, kwana uku ban iya cin abinci ba. Yaya jikin yarinyar?"

Na ce da sauƙi. Ya ce alhamdulillahi, ya juya ga wutarsa, yana tari. Taya ce dai har yanzu.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan Magariba

Arba'in.

Tun safe na share gida, na dafa abinci a kan gas, na buɗe kowace taga. Ban kunna turare ba. Na yi wanka na sa atamfar da ke ƙasan akwati.

Sun zo da La'asar, gidana ne farkon yawon arba'in, wannan dai ba ta hana ni ba. Khairat ta yi kyau, ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum. Na ce su shiga ciki, ta ce nan tsakar gida ma ya isa, Inna, akwai iska. Ruth ta leƙo ta katanga, muka gaisa, ta yi wa yarinyar wasa ta koma.

Na karɓi ƙawata. Ta yi nauyi kaɗan. Na kara kunnena a ƙirjinta, akwai wani siririn fito can ciki, in ba ka saurara ba ba za ka ji ba. Ta buɗe ido ta kalle ni, ta cusa fuska a wuyana. Sai ta yi tari. Ta sake yi.

Na shinshina atamfar. Akwatin a ɗakin jego yake zaune tun watan jiya.

Hannuwan Khairat suka ɗan ɗago daga cinyarta. Na miƙa mata ita kafin ta nema.